Inda Motar Kwasar Masai Ke Juye Kayanta: Tafiya Zuwa Devanahalli

Daga birnin Bengaluru zuwa Devanahalli, a jihar Karnataka ta kudancin Indiya, tafiyar kusan kilomita 40 ce. Ana wuce babban filin jirgin sama sai gonakin inabi su fara bayyana. Yawancin baƙi tsohuwar ganuwar dutse suke zuwa gani, domin a kusa da ita aka haifi Tipu Sultan, sarkin Mysore. Ni kuwa gefen gari na nufa, wurin da ake kai abin da aka kwaso daga masai.

Ƙidayar 2011 ta nuna mutanen garin sun kai kimanin 28,000. Babu bututun ƙarƙashin ƙasa da ke haɗa gidaje. Kowa da raminsa ko sokawensa. A da, idan rami ya cika, mota ta zuƙe, sai ta juye a gona ko a kwata. A 2015 majalisar garin, tare da ƙungiyar CDD Society da BORDA ta ƙasar Jamus, ta buɗe matatar da ke karɓar lita 6,000 a rana.

Ina tsaye wata mota ta iso. Direba ya jona tiyo, baƙin ruwa mai kauri ya kwararo ta cikin ragar ƙarfe. Wani ma'aikaci sanye da safar hannu yana tsame leda da tsummoki da suka maƙale. Daga nan gangara ce ke yin aikin, ba famfo, ba janareta. Kaurin yana kwantawa ya shiga rufaffun tankuna, inda ƙananan halittu ke narkar da shi har iskar gas ta fito. Ruwan da ya taso sama kuma yana ratsa ɗakunan tanki ɗaya bayan ɗaya, sannan ya bi ta cikin tsakuwa mai shuke-shuke, ya fito ba wari.

Wurin shanyar lakar da ta fito daga tankunan ne ya fi ɗaukar hankalina. An baza laka a kan yashi, ta bushe ta tsattsage kamar gindin kududdufi da rani. Ana haɗa ta da ɓawon kayan miya da sauran sharar da ke ruɓewa, a bar tsibin ya yi zafi har ƙwan tsutsar ciki ya mutu. Na damƙi takin a hannuna, ƙanshin ƙasa kawai na ji. Manoma ne ke sayensa.

Akwai kuma batun mutunci. Dokar Indiya ta 2013 ta hana sa ɗan Adam kwasar najasa da hannu, aikin da aka daɗe ana ɗora wa 'yan Dalit, rukunin mutanen da al'adar ƙasar ta ajiye a ƙasan kowa. Doka ba ta tsayawa sai da mota da wurin juyewa.

A garuruwanmu ma motar "gidan kowa da akwai" tana zuwa ta kwashe, amma wa ke tambayar inda ta nufa? Damina na sauka, abin da aka zubar a daji ya biyo ruwa ya shiga rijiya, amai da gudawa ya kwantar da yara. Ƙaramar hukuma ba sai ta jira kuɗin shimfiɗa bututu ba. Ta ware fili mai gangara nesa da rijiyoyi, ta horar da ma'aikata, ta wajabta wa kowane direba juyewa a can.