Umarni daga sama: me ke sa mutum ya bi, me ke sa ya ƙi

Masana halayyar ɗan Adam sun bambanta abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai bin jama'a, inda mutum ke sauya maganarsa ko aikinsa don ya yi daidai da na tsaransa, ba tare da kowa ya umarce shi ba. Akwai kuma biyayya, inda wani na sama ke cewa a yi, na ƙasa ya yi. Gwaje-gwajen da suka fi suna a kan su biyun an yi su ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi ke damun masu bincike: yaya aka yi ma'aikata, 'yan sanda da akawunan ofis suka sa hannu a ciki?

Solomon Asch ya fara wallafa nasa gwajin a 1951. Ana zaunar da ɗalibi cikin wasu mutane, a nuna musu layi guda a kati, sannan a nuna wasu layuka uku a ce su faɗi wanda ya yi tsawo ɗaya da shi. Amsar a fili take, ko yaro zai gane. Sai dai duk sauran mutanen 'yan haɗin baki ne, kuma a zagaye 12 cikin 18 sukan taru a kan amsar da ba daidai ba. Kusan kashi 37 cikin ɗari na amsoshin ɗaliban sun bi kuskuren jama'a, kuma uku cikin kowane huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Da aka tambaye su daga baya, kaɗan ne suka ce idonsu ya ga haka da gaske. Wasu sun ɗauka nasu ganin ne ke da matsala, wasu kuma sun san gaskiyar amma ba sa son su zama bare a ɗakin, bin Yarima a sha kiɗa kawai. Abin da ba a cika ambata ba shi ne yawancin amsoshin daidai ne, kuma idan aka sa mutum ɗaya tak cikin 'yan haɗin bakin ya faɗi gaskiya, bin kuskuren yakan ragu matuƙa.

Stanley Milgram, wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin Asch, ya ga cewa tsawon layi ba abin da ke taɓa lamirin kowa ba ne. A 1961, shekarar da ake shari'ar jami'in Nazi Adolf Eichmann a birnin Kudus, ya sa talla a jarida a New Haven yana neman maza don binciken koyo da hadda a Jami'ar Yale, ladan dala huɗu da kuɗin mota. Wanda ya zo sai a jefa ƙuri'ar maguɗi ya fito malami, ɗan haɗin baki ya fito ɗalibi. A ɗaure ɗalibin a kujera a wani ɗaki, a zaunar da malamin gaban na'ura mai makunni 30, daga bolt 15 har zuwa 450. Duk kuskuren da ɗalibin ya yi, malamin ya jona masa wuta, kuma kowane karo a ƙara bolt 15. Babu wutar da ke zuwa ga ɗalibin, amma malamin bai sani ba, don an ɗanɗana masa bolt 45 a hannunsa tun farko. Likitocin ƙwaƙwalwa da Milgram ya tambaya sun yi hasashen mutum ɗaya cikin dubu ne zai kai ƙarshe. A gwajin da ya wallafa a 1963, mutum 26 cikin 40 suka kai, wato kashi 65 cikin ɗari. Da yawa sun yi ta gumi da makyarkyata, wasu har da dariyar da ba ta daɗi ba, amma hannunsu bai bar makunnin ba.

Wannan adadin shi ya shahara, alhali Milgram ya maimaita gwajin ta fuskoki sama da ashirin, kuma a nan ilmin yake. Da aka kawo ɗalibin ɗaki ɗaya da malamin, masu kaiwa ƙarshe sun koma kashi 40. Da aka ce malamin ya danne hannun ɗalibin a kan farantin wutar da kansa, suka koma kashi 30. Da mai ba da umarnin ya fita yana magana ta wayar tarho, abin ya sauka zuwa wajen kashi 20, har wasu suna yi masa ƙarya cewa suna ƙara wutar alhali ƙaramin makunni suke dannawa. Da aka haɗa malamin da wasu abokan aiki biyu suka ce ba za su ci gaba ba, mutum 4 kacal cikin 40 suka kai ƙarshe. Amma da aka ba wani aikin danna makunnin, shi kuma aka bar masa karanta tambayoyi kawai, mutum 37 cikin 40 suka zauna har aka gama. Wannan na ƙarshe ya fi kama da yadda manyan hukumomi ke aiki: mai sa hannu a takarda daban, mai tuƙa mota daban, mai riƙe bindiga daban, kowa yana ganin nasa kason bai kai laifi ba.

Milgram ya fassara abin da cewa mutum yana miƙa alhakin aikinsa ga na sama, ya ɗauki kansa ɗan aike. Masu bincike na baya ba su gamsu ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Mai gudanar da gwajin yana da jimloli huɗu na tunzura wanda ya yi turjiya, kuma ta huɗun ce kaɗai umarni tsantsa, mai nuna cewa ba shi da zaɓi. Lokacin da Jerry Burger ya sake gwajin a Jami'ar Santa Clara, ya tsaya a bolt 150, ya wallafa a 2009, kashi 70 cikin ɗari sun yarda su wuce wurin, amma duk wanda aka kai ga gaya wa jimla ta huɗun bai ci gaba ba. Alex Haslam da Stephen Reicher suka ce mutanen sun ci gaba ne don sun yarda suna taimakon kimiyya, ba don an tsawata musu ba. Gina Perry kuma, da ta saurari faya-fayan gwajin a rumbun ajiyar Yale, ta gano mai gudanarwar ya sha wuce rubutattun jimlolin yana matsa wa mutane, wasu sun yi shakkar ko wutar gaskiya ce, wasu kuma an sallame su ba a yi musu cikakken bayani ba. Shi kansa Eichmann, bayanan da suka fito daga baya sun nuna mai aƙidar ƙin Yahudawa ne, ba ɗan aiken da ya nuna kansa a kotu ba.

A asibiti ma an gwada. A 1966 Charles Hofling ya sa wani da ya kira kansa likita ya buga waya ga ma'aikatan jinya, ya ce su ba majinyaci ninki biyu na iyakar wani magani da ba su sani ba. 21 cikin 22 suka tashi bayarwa kafin a tare su. Da wasu masu bincike suka maimaita a 1977 da maganin Valium, wanda ma'aikatan suka sani, aka kuma bar su su yi shawara da juna, 16 cikin 18 suka ƙi.

Ƙin bin umarni a ɗakin gwaji ba ya jawo wa kowa hukunci, a waje kuwa yana da tsada. Ranar 16 ga Maris 1968, sojojin Amurka suka kashe ɗaruruwan fararen hula a ƙauyen My Lai na Biyetnam. Hugh Thompson, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, ya sauke jirginsa tsakanin sojojin da mutanen da suke bi, abokan aikinsa biyu, Lawrence Colburn da Glenn Andreotta, suna mara masa baya, ya sa aka kwashe mutanen, sannan ya kai rahoto. Da labarin ya fito fili, wasiƙun zagi da barazanar kisa suka yi ta zuwa masa, wasu 'yan majalisa ma suka soke shi. A 1998 rundunar sojin ta ba su ukun lambar yabo, Andreotta kuwa ya riga ya mutu a fagen yaƙi makonni kaɗan bayan ranar.