Vancouver: Lambu Ɗaya, Iyayen Gida Biyu

Duk baƙon da ya sauka a Vancouver, birnin da ke gaɓar tekun Fasifik a yammacin Kanada, da wuya ya kwana biyu ba a kai shi lambun Stanley ba. Daji ne sosai a bakin gari, mai faɗin hekta kusan 400, ruwa ya kusa kewaye shi. An buɗe shi a 1888, aka raɗa masa sunan Lord Stanley, gwamna-janar na ƙasar a wancan zamani. Ganuwar dutsen da aka fara ginawa a 1917 don hana teku cin ƙasa ita ce yau hanyar masu yawo da masu keke. Mutum na tafe, ga manyan itatuwa a hannu guda, ga jiragen dakon kaya a ɗaya hannun, ga duwatsu sun tokare sama a can ƙetare.

Abin da ido ba zai nuna wa baƙo ba shi ne, wannan lambu ba ya ƙarƙashin ikon magajin gari. Wata hukuma ce mai zaman kanta ke riƙe da shi, mai kwamishinoni bakwai waɗanda jama'a ke zaɓa duk shekara huɗu, rana ɗaya da magajin gari da kansiloli. Tun 1890 ake zaɓensu. A hannunta lambuna fiye da 200 suke, da wuraren ninƙaya, da cibiyoyin unguwa 24, har ma da itatuwan da ke bakin tituna.

To, a nan gizo ke saƙa. Itacen bakin titi na hukumar lambuna ne, titin kuwa na gwamnatin birni. Hukumar ce ke tsara yadda za a yi amfani da wurin ninƙaya, amma gyaran ginin yana hannun wani sashe na birni. Kasafin kuɗinta ma sai majalisar birni ta amince. Wato mai yanke shawara daban, mai riƙe da lalita daban. Da wani sashe na bangon babban wurin ninƙaya na birnin ya rufto a 2022, tambayar da ta biyo baya ita ce: wa ya yi sakaci, mai ginin ko mai gyaransa?

Lambun Oppenheimer, wanda ke unguwar da ta fi kowace fama da talauci a birnin, ya fi fito da matsalar fili. A 2019 marasa muhalli suka cika shi da tantuna. Magajin gari na lokacin, Kennedy Stewart, ya nemi hukumar ta miƙa masa ikon lambun na ɗan lokaci, ta ƙi. Filin nata ne, 'yan sanda na birni ne, samar da gidaje kuma galibi aikin gwamnatin lardin British Columbia ne. Haka mutane suka ci sanyin hunturu a cikin tanti, sai a 2020, lokacin annobar korona, gwamnatin lardi ta ba da umarnin a tashe su. Ba a jima ba wasu tantunan suka bayyana a lambun Strathcona.

A watan Disamba na 2023 magajin gari Ken Sim ya nemi a rushe hukumar, a mayar da ayyukanta ƙarƙashin majalisar birni, yana mai cewa maimaita aiki na cin kuɗi da lokaci. Sai dai birni ba shi da hurumin yin haka shi kaɗai, domin dokar lardi ce ta tanadi hukumar. Uku daga cikin kwamishinonin jam'iyyarsa ma suka juya masa baya.

A ganina kowane ɓangare na da rabin gaskiya. Vancouver na cikin biranen da fili ya fi tsada a Kanada, kuma majalisar da ke neman kuɗin shiga ba ita ce ta fi dacewa da gadin filin da masu gine-gine ke haɗiyar yawu a kansa ba. Samun zaɓaɓɓun mutane waɗanda ba su da wani aiki sai kare lambu garkuwa ce da bai kamata a yar ba. Amma garkuwa daban, tsintsiya daban. Gyaran rufi da kwashe shara ba sa buƙatar iyayen gida biyu. Abin da ya dace shi ne a bar wa hukumar ikon fili, sauran ayyuka kuma a rubuta ƙarara wanda zai yi da wanda zai biya, domin wanda ya ci ladan kuturu shi ne zai yi masa aski. Mai kwana a tanti cikin ruwan sama ba ruwansa da sunan ofishi. Ƙofa ɗaya yake nema wadda in ya ƙwanƙwasa za a amsa.