Karan Da Ke Tafiya A Ƙarƙashin Ƙasa

Duk manomin ƙasar Katagum, ko a gonakin kewayen Azare yake noma ko a fadamun kogin Jama'are, ya san wahalar tofa da aya-aya. Yau ya nome su ƙaƙaf, bayan mako guda sai ya iske sun tofo kamar ba a taɓa sa musu fartanya ba. Waɗansu kan ce taurin saiwa ne, alhali kuwa abin da ke binne a ƙasa kara ne.

Ga yadda akan gane shi. Kara yana da gaɓoɓi, kowace gaɓa kuma da idonta, kowane ido kuwa yana iya fid da sabon tsiro. Ganye ke haɗa abinci da hasken rana ya aika ƙasa, karan ya adana. Da rani ganye ya bushe, ko gobarar daji ta lashe shi, amma karan yana nan kwance, ruwan fari kawai yake jira. Saboda haka wanda ya daddatsa shi da garma ya bar gutsattsarin a gona, shuka ya yi bai sani ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Wannan halitta ita ce kuma ke ciyad da mutane. Citta da gwaza da aya da dankalin Turawa duk kara ne da ya tara abinci, shi ya sa su ne irin kansu. Rogo kuwa saiwa ce, don haka sandarsa ake dasawa.

Babban darasi yana maƙwabta, a dausayin Haɗeja da Nguru. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa sarai da rani. Kacala ta samu yadda take so, karanta ya bi cikin laka yana yaɗuwa, har ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama maɓoyar jan-baki.

Magani sai an bi halin abin. Tofa da aya-aya a tone su da rani, a bar rana ta ƙona karan. Kacala kuwa a yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, domin ta ganye take aika wa karanta iska. In ta rasa, sai ya ruɓe. Wanda ya tsaya ga saran ganye, baɗi ma aikin yana jiransa.