Kuskure mai faɗin yatsu biyu

A cikin wasannin da Turawa suka shigo da su ƙasashenmu, da wuya a sami wanda ya yi nisa da rayuwar malamin makaranta kamar golf. Wasa ne da ya girma a ƙasar Sikotilan, inda a filin St Andrews aka tsayar da ramuka 18 a shekarar 1764, adadin da duniya ta bi daga baya. Ƙa'idarsa ba ta da wuyar faɗi: a doki ƴar ƙwallo mai kaurin kusan milimita 43 da sanda, har ta faɗa rami mai faɗin milimita 108, cikin bugu mafi ƙaranci. Sai dai wasan yana da wata cuta da maganinta ya shafi aikinmu na koyarwa, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Ingilawa na kiran cutar «shank», Faransawa kuma «socket». Ni na raɗa mata suna bugun wuya. Sandar golf ta ƙarfe tana da fuska shimfiɗaɗɗiya wadda ita ya kamata ta tari ƙwallo, tana kuma da wuya, wato ɗan bututun da ƙotar sanda ke shiga cikinsa. Idan wuyan ne ya tari ƙwallon, tun da yake mulmulalle ne, sai ta zille ta yi dama a ƙasa-ƙasa, ga mai bugu da hannun dama ke nan. Duk wanda ya taɓa faskare ya san irin wannan: gatari ya zarce kaɗan, sai ƙota ta sauka bisa icen maimakon ruwan gatarin. Tsakanin tsakiyar fuskar sanda da wuyanta bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Na san wannan cuta ta hanyar yayana, ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Kano. Da ciwon suga ya kama shi, likita ya umarce shi da yin tafiyar ƙasa, shi kuwa mutum ne da ba ya iya tafiya ba dalili. Abokan cinikinsa suka ja shi filin golf a Kano, inda zagaye guda na ramuka 18 kan sa mutum ya taka kilomita 6 ko fiye bai ankara ba. Shekara biyu yana yi, jikinsa ya yi sauƙi, har ranar da bugun wuya ya same shi. Da na ziyarce shi a babban hutu, na tarar ya jingine sanduna a bayan ƙofa. Kunya ta hana shi komawa filin, tafiyar da likita ya ce a yi kuma ta tsaya.

Abin da ya fi cutar illa shi ne yawan masu magani. Wannan ya ce ya sauya riƙo, wancan ya ce ya sunkuyar da kai, wani ya ce sandunan ne suka tsufa. Ya bi kowa, har ya manta yadda yake bugu a da. Garin gyaran gira ana shirin rasa ido. Ga kuma tsoro: ƴan golf da yawa ba su son ambaton sunan cutar a fili, kamar yadda tsofaffinmu ke ce wa maciji igiya idan dare ya yi. Mai tsoro kuwa yakan damƙe sanda da ƙarfi, kafaɗunsa su sandare, ya jawo abin da yake gudu da hannunsa.

Na lallashe shi muka koma filin da sassafe, kafin jama'a su taru. Wanda ya warware matsalar wani saurayi ne daga cikin masu ɗaukar jakar sanduna, wanda ya shekara yana kallon bugun mutane daga baya. Ya goga alli a kan sandar, fuska da wuya, ya ce: «Alhaji, ranka ya daɗe, ka buga yadda ka saba.» Ƙwallo ta yi dama. Ya ɗaga sandar ya nuna masa tabon da ta bari a jikin allin, can wajen wuya. Yayana ya yi shiru, domin duk tsawon lokacin nan ya ɗauka da bakin sandar yake bugu, yana ta ƙara miƙa hannu gaba don ya gyara, alhali miƙawar ce ke ƙara kai wuyan ga ƙwallo.

Tushen cutar ɗaya ne: kan sanda yana dawowa nesa da jikin mai bugu fiye da inda ya tashi. Abubuwa uku suka fi jawo haka. Ko mutum ya tsaya kusa da ƙwallo ƙwarai har hannuwansa suka rasa hanyar wucewa, ko nauyinsa ya zube kan yatsun ƙafa a tsakiyar bugu ya rinjaya gaba, ko kuma hannuwansa su rabu da jiki lokacin saukowa. Saurayin ya sa shi ya ja baya kaɗan, hannuwa su rataya daga kafaɗa ba takura, nauyi ya zauna a tsakiyar tafin ƙafa. Sannan ya ajiye kwalin sabulu daf da ƙwallon ta ɓangaren waje, ya ce a bugi ƙwallo kada a taɓa kwali. Jiki da kansa ya nemi hanyar kauce wa kwalin, sanda ta dawo ciki. Daga nan ya jera ƙwallo biyu, ɗaya kusa ɗaya nesa, ya ce a saita ta nesa a bugi ta kusa. An fara da rabin bugu, a hankali, sai da aka jera goma masu kyau kafin a ƙara ƙarfi. Bai taɓa riƙonsa ba, bai ce ya sayi sabuwar sanda ba. Kafin hutu ya ƙare, yayana ya koma zagayensa.

Cutar ba ta bar gwanaye ba. A watan Fabrairun 2024, a filin Riviera na Los Anjalas, Tiger Woods, mai manyan kofuna 15, ya yi bugun wuya a rami na 18 a gaban idon duniya, ya kuma amsa da bakinsa cewa abin da ya faru ke nan. Bambancinsa da ɗan koyo shi ne bai ɗauki bugu guda a matsayin hukunci kan dukan abin da ya iya ba.

Mu malamai muna haɗuwa da bugun wuya kullum a littattafan ɗalibai. Yaro ya rubuta shafi guda na Faransanci, jan alƙalami ya ja layi ashirin, amma in aka duba da kyau sai a ga kuskure ɗaya ne ya maimaitu: bai rarrabe «é» da «er» a ƙarshen aikatau ba. A ajin Hausa kuma, wata yarinya ta kasa bambance «bari» da «ɓari», ko «kafa» da «ƙafa», saboda lanƙwasa guda a kan harafi. Idan muka ce wa irin waɗannan yara ba su iya rubutu ba, sun yi abin da yayana ya yi: su jingine alƙalami a bayan ƙofa. Aikin malami shi ne ya nemo inda tabon yake, ya nuna wa ɗalibi da yatsa, ya ba shi aiki ƙarami da zai sa hannunsa ya gyaru da kansa, sauran abin da yake yi daidai kuma ya bar masa. Jan alƙalami yana ƙirga yawan ɓarna, amma ba ya faɗin inda ta samo asali. Wannan sai malamin da ya zauna ya karanta shafin sau biyu.