Allurar da Ake Turarawa

Ku matso kusa, ƙawaye, tunda mu ya mu ne, in faɗa muku abin da ya ɗauke mini hankali kwanan nan. Allura ce, amma ta itace. A'a Yaya, ba basilla ba. Wannan ba ta da tsini, jikinta da ɗan faɗi, tsawonta kusan na yatsa, kafarta kuwa wagegiya don ulu mai kauri ya wuce.

Mutanen Suwidin da Norwe da Finlan ke yin wata tsohuwar saƙa da ita, nalbindin, wadda ta girmi saƙar kwarashi nesa ba kusa ba. A birnin Yok na Ingila an tono safar ulu ta ƙarni na 10 da aka yi da irin wannan saƙa. Da guntayen zare ake yi, a naɗa a babban yatsa, a riƙa cusa allura ana ɗaure kowane zarge da ɗan'uwansa. Ko safar ta huje, ba ta warwarewa.

To, ga inda abin ya fi burge ni. Wasu masu saƙar sun fi son bakin allurar ya ɗan lanƙwashe, don ya tsinto zaren daga bayan yatsa ba wahala. Mai gaggawa sai ya sassaƙa lanƙwasar da wuƙa, ya yanke jijiyar itacen, ran da aka ja ulu da ƙarfi sai ki ji ƙas! Gwani kuwa tsaga itacen yake yi yadda jijiyar ta miƙe, ya fere shi siriri, sannan ya turara shi kamar dambu a madambaci. Zafi da laima suke sa itacen ya yi laushi. Da ɗuminsa za a ɗaure shi a jikin wani abu mai gantsarwa, a bar shi ya bushe sarai. In aka kwance da wuri, sai ya nemi miƙewa.

Anti, na ga kina kallon kafar. Nan ne wurin da ta fi rauni, shi ya sa ake huda ta tun itacen na da sauran nama, kafin a gama ferewa. Daga nan sai gogewa da samfefa, har ciki, don ko ƙaya ɗaya ta rage za ta riƙa cin ulu. A ƙarshe a shafa kakin zuma.

Wallahi ina son mu gwada. Wa ke da ɗan'uwa masassaƙi a cikinmu?