Kaset Ɗin Da Ba Suna

A 2013, lokacin da ake kwashe ƙasar gidajen Bagega saboda gubar dalma da ta hallaka yara tun 2010, aka fitar da kayan ɗakin marigayi kawuna tsakar gida. Cikin wata tsohuwar adaka na tarar da kaset-kaset sun yi ƙura. Da ba don Baffa, aminin kawu, ya tsawata ba, da yara sun zare su sun yi wasa.

Ni dai a da, in na ji tsohon kiɗan fada sai in ce Narambaɗa ne. Da na aro rikoda na sa batir, Baffa ya kasa kunne ya ce, "Kai yaro, wanga ba kotso ba ne, taushi ne. Jankiɗi na Rawayya ke nan, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi." Kunya ta rufe ni. Littattafai nawa na rubuta, duk taurarina waƙar Indiya suke saurare a mota!

Amma wanda ya kama ni sosai wani kaset ne da ba rubutu a jikinsa. Zarensa ya tsinke, na liƙe da jan farce, na naɗe da biro. Wani makaɗin noma ne, murya a dishe, 'yan amshi suna karɓa kamar ana sauke dami. A baya kana jin jaki na kuka, wata mata na guɗa. Yana kiran gwarzayen manoma ɗaya bayan ɗaya, kowa da ƙauyensu. Na mayar da shi baya ya fi sau goma a daren nan, ina ta dariya ni kaɗai, don akwai inda ya zagi wani malalaci zagin da ban taɓa jin irinsa ba.

Wasu daga ƙauyukan da ya ambata yau kufai ne, 'yan bindiga sun tashe su. Masu tura waƙa a waya kuwa, daga Anka har Gusau, Ɗankwairo da Shata suka sani. Wannan ko labarinsa ba su ji ba.

Baffa ya ce ya san muryar, sunan ne ya kwanta masa, in bari sai ya tuna. Na yi ta cewa gobe. Ya rasu da damina ban koma ba.

Na juye kaset ɗin a wayata. Duk tsohon da na haɗu da shi a tashar Anka sai na kunna masa.