Dalmar Harsashi Takan Bi Nama Har Tukunya

'Ya'yana maharba na Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji, ku ba ni kunnuwanku. Mun gaji bindigar toka daga iyaye, mun iya ɗura albarushi, amma akwai abin da ba su sanar da mu ba, domin su ma bai zo musu ba: dalmar da muke harbi da ita guba ce.

Dalma tana da taushi. Idan ta bugi ƙashi sai ta tarwatse cikin tsoka, ƙanana-ƙananan da ido ba ya gani. Wuta ba ta kashe gubarta, tafasa ba ta fitar da ita. Babba ma takan cutar da shi, amma yaro da mai juna biyu su suka fi kwana ciki, don takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage jini, ta dakushe fahimta. A 2010 ƙurar dalma daga duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, saboda an kai aikin niƙan dutse cikin gidaje. Wanda ke fasa tsohon batirin mota ya narka dalma a tsakar gida, kusa da murhun uwargida, hanyar nan ya ɗauka. Ungulu ma da ke cin kayan cikin da muke zubarwa a daji ba ta tsira ba.

Shi ya sa jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da harsashin dalma tun 2019, maharbansu da yawa suka koma jan ƙarfe, wanda ba ya rugurgujewa a nama.

Sai dai kada garin neman gira a rasa ido. Jan ƙarfe ya fi dalma tauri, kuma bai kai ta nauyi ba, don haka tafiyarsa daban ce. Dalma na narkewa a zafin digiri 327, shi kuwa sai ya haura 1,000. Harsashin maharban Kalifoniya masana'anta ce ta auna shi daidai da bindigar. Tamu ƙirar maƙera ce, bututunta ba shi da wannan ƙwari. Wanda ya datse guntun jan ƙarfe ya cusa da ƙarfi, yana iya fasa bututun a hannunsa. Na ga masu dungu sanadiyyar gwaji irin wannan.

To ga abin da ke hannunku. Kada ku narka dalma a gida, kada yaro ya yi wasa da ita. Ku yanke naman da ke kewaye da raunin ku binne, har da kayan ciki. Ku wanke hannu kafin ku sa a akushi. Kada ku canza harsashi sai da shawarar Sarkin Baka da ƙwararren maƙeri. Ku nemi lasisi, ku kiyaye dokar dajin Falgore.

Don iyali kuke shiga daji. Kada abin da kuka kawo musu ya zama ajalinsu. Allah Ya tsare mana zuri'a.